Yaya Nasiru ya sa murya a gaban layi

Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Yaya Nasiru, ɗan wan mahaifina. Wanda ya zauna Agege farkon dawowar mulkin farar hula zai tuna shagonsa na intanet, kusa da masu goro. Lokacin ina ɗalibi, ba na iya haɗa ido da mutane, sai kujerar bayan shago ta zama tawa, dab da suwic, akwatin da wayoyin kwamfutocin suke haɗuwa a cikinsa.

Layin shagon siriri ne, ga masu rabo da yawa: samari masu sauke hotuna da waƙoƙi, da dattawa masu kiran ƙasar waje ta intanet don ya fi araha. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Da samarin sun cika, sai murya ta riƙa yankewa. Inna Asabe mai goro takan zo duk Juma'a ta kira 'yarta da ke jinya a Jidda. Ran nan ta ajiye kan wayar ta ce, "Ɗan nan, da sauƙi ta ce ko ba sauƙi, ban ji ba."

A makon Yaya ya zauna ya sake tsara suwic ɗin. Murya ita ke fara wucewa, kowace kwamfuta kuma ya yanka mata iyakar da ba za ta tsallake ba. Ya ce min a kasuwar Mile 12 ya ga haka: motar tumatir ake fara saukewa, ta doya ta jira, ba abin da zai same ta.

Samarin suka ce oga ya ɗaure musu layi. Na lallaɓa na ce ya ɗan sassauta, ya ƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wani shagon, ga salula ta shigo gari. Ba a daɗe ba ya rufe.

Yau layi ya yi faɗi, ana ganin fuskar na Jidda a waya daga cikin motar haya ta danfo. Da zai dawo, ina jin zai yi murna, sannan ya tambaya wa ake sa wa ya jira, don layi ba ya rasa cunkoso.

Ta fuskar kasuwa, har yanzu ina ganin ya yi asara. Amma ranar sadakar ukunsa Inna Asabe ta zo, tana dogara sanda. Ta ce 'yar tata a can ta rasu, kuma a shagonsa suka yafi juna, ba kalmar da ta ɓace mata. Allah Ya jiƙansa.