Akuyar Inna da Hutun Majo

Har yau in na ji ma'aikaci ya ce zai tafi ƙauye hutu ya sha iska, sai in ji raina ya ɓaci. Na san irin wannan iskar, a gidanmu aka sha ta.

Ba a daɗe da ba ƙasa mulkin kai ba, ina amarya a Tahoua, mijina yana aikin allura. Babbansu a wurin aiki, wanda suke ce wa majo, mutumin bakin kogi ne, ya yi karatu ƙasar Nasara ya kwaso ɗabi'unsu kaf. Kullum mita yake, wai ƙasarmu ta Adar ba komai sai duwatsu, wai can in an ba da hutu bakin teku ake zuwa a zauna a kalli ruwa. Da damina ta cika tafkuna, sai mijina, da shegen son a yabe shi, ya ce ai mu ma muna da ruwa, a garin matarsa, wajen Takanamat.

Aka sa ni bayan mota. Muka bi ta Bambeye, muka karkata Tebaram, kowane ƙauye sai majo ya tsai da mota ya sauka. Ya leƙa rumbu, ya tsaya kan mata masu daka yana kallo kamar bai taɓa cin tuwo ba. Ni dai na ƙagu in ga Inna. Ƙanwata ta rasu wurin haihuwa da bazara, ta bar jaririya, kuma ba mai shayarwa a gidan. Da nonon wata jar akuya guda Inna take rainon yarinyar, ita kaɗai ta rage a garke.

A wajenmu, in babban baƙo ya sauka, ana jawo dabba da ranta a tsai da ita gabansa. Baƙon da ya san ya kamata sai ya ce, “Na gani, na gode, a mai da ita.” Shi ke nan an fita kunya, a yanka masa kaza. Kawu, wan Inna, shi ya jawo jar akuyar, don ba wata. Inna ba ta fito ba, ba ta haɗa ido da suruki. Muna bayan darni ni da ita, jaririyar a bayanta, muna leƙe.

Majo ya shafa gadon bayan akuyar, ya yi dariya, ya ce a gasa a kai masa bakin tafki.

Shi baƙo ne, a ce bai sani ba. Amma mijina fa? Ɗan Adar ne, ya san al'adar, ya san yarinyar, da shi aka yi zaman makokin uwarta. Kawu ya dube shi, ya ba shi hanya, ya ce, “Malam, an gani?” Kalma guda ta ishe shi. Sai ya sunkuyar da kai yana gyara agogo, don kada majo ya ɗauke shi ɗan ƙauye, ya ce, “Majo ya yi magana, Kawu.”

Na yunƙura zan fita, Inna ta damƙe bakin zanena. Ni ce ɗiyar farinta, ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ta dubi darni ta ce, “A gaya wa 'yar nan ta zamna. Ba a taɓa hana baƙo a gidan ga ba.”

Suka ci a bakin tafki. Majo ya naɗe wando, ya tsoma ƙafa cikin taɓo inda shanu ke sha, yana ta yabon ruwa. Da na kai musu butar wanke hannu na ji yana cewa naman da tauri. Tauri! Akuya mai shayarwa ka ci, me kake so ta yi maka?

A hanya ban bari mun kai Tahoua ba, da muka tsaya salla na tare mijina. Na ce, “Malam, wallahi ka ci amana.” Ya ce in rage murya, ƙarshen wata zai aika da wata akuyar. Bai aika ba sai bayan girbi. Kafin nan yarinyar ta rame da kunu, cikinta ba ya riƙewa. Inna ta goya ta zuwa zangon Buzaye da suka sauka gefen tafkin, ta miƙa wa wata mai jego ta shayar da ita tare da nata. Da ruwa ya ƙafe suka tashi suka yi arewa da ita. Inna ta rasu ba ta sake ganinta ba. Mijina na zauna da shi har ya mutu, na yi masa takaba, amma wannan ban yafe ba.

Na tsufa kafin wani ɗan kawu ya nuna mini 'yar ƙanwar tawa a kasuwar dabbobi ta Tahoua, doguwa, da idon ƙanwata sak. Ba ta jin Hausa, sai da muka nemi dillali ya yi mana tafinta. Na ce ya gaya mata ni yayar uwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta yi magana a taƙaice, ta ja raƙuminta. Dillalin ya ce, “Ki yi haƙuri, Inna. Ta ce uwarta tana can zango, kuma ba ta da dangi Hausawa.”