Takalman da Kaka Ta Ƙi Sawa

Ƙanshin sabuwar roba ne ya tsayar da ni jiya, ina cikin gyaran ɗakin ajiya a gidanmu na unguwar Tianhe. Na buɗe wani kwali, sai ga takalman hawan dutse na Kaka, masu kauri da doguwar igiya, ƙasansu ko ƙwarzane babu. In ka gan su sai ka rantse yau aka sauke su daga kwantena. Bari in ba ka labarinsu.

Ina firamare aka kawo Kaka, mahaifiyar Baba, daga gida don a yi mata aikin gwiwa a nan birnin Guangzhou na ƙasar Sinawa. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara. Ni ce kuma tafintarta, don Sinancin Baba bai wuce gaisuwa da "ya yi tsada" ba.

Aiki ya yi kyau, sai maganar Hajji ta taso. Baba ya biya mata kujera, amma ya ce a keken marasa lafiya za a tura ta ɗawafi da Safa da Marwa. Kaka ba ta tanka masa ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya cacar baki da shi. Ni ta kira.

"Takwara, gaya wa mutumin nan, in a kan keke zan zagaya Ɗakin Allah, to ya ba wani kujerar."

Ba wasa take yi ba, ga shi tun tana yarinya take mafarkin tafiyar nan. Baba ya rasa yadda zai yi, sai ya ɓullo da dabara. Akwai wani dutse a arewacin jihar, cikin dajin da hukuma ke karewa, inda tsofaffin Sinawa ke zuwa hawa idan zafi ya ja baya. Ya ce in Inna ta kai ƙololuwarsa, ya janye maganar keke. A lissafinsa, da ta ɗaga kai ta ga tsayinsa za ta haƙura. Ya manta cewa a gindin Dutsen Kwatarkwashi aka binne cibiyarta, kuma da dammin itace a ka ta saba saukowa daga kansa.

Ya yi mata sayayya irin ta ɗan kasuwa: rigar sanyi daga kasuwar Baima, sanduna biyu na ƙarfe, da takalman nan. Muka ɗauki jirgin ƙasa, sannan mota, har ƙofar dajin. Mai gadi ya lissafa dokoki ina fassara mata: ba a hura wuta, ba a tsinkar ko ganye ɗaya, ba a barin hanya. Ta gyaɗa kai, ta ce su ma a garinsu akwai kurmin da ba a sa masa gatari.

Ko nisa ba mu yi ba ta nemi wuri ta zauna. Na ga Baba yana murmushin wanda ya ci ciniki. Ashe igiya take kwancewa. Ta tuɓe takalman ta tura su gefensa ba tare da ta dube shi ba, ta jingina sandunan a kai, ta ɗaura gyalenta a ƙugu. Mai gadi ya taho da gudu yana nuna ƙafarta, wai akwai sanyi da tsakuwa mai kaifi.

"Gaya masa ƙafar nan ta girme shi," in ji Kaka.

Na gaya masa, amma na ɗan yayyafa sukari. Wata tsohuwa Basiniya da ke gefe ta ƙyalƙyale da dariya, ta tuɓe nata ita ma, ta kama hannun Kaka. Mai gadi ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ya koma bakin aikinsa.

Har yau ina jin ƙanshin hanyar nan, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙaron itatuwa. Ruwa na gangarowa ta tsagin duwatsu, sanyinsa har cikin haƙori. Muna ƙara sama itatuwa na ƙara gajarta, har suka koma tsayin Kaka, hazo kuma ya rufe mu. Tsofaffin biyu na gaba, kowa na surutu da yarenta, ba wadda ta nemi tafinta. Sau ɗaya na ga Kaka ta dafa gwiwa ta runtse ido, gabana ya faɗi. Ta yi salati, ta miƙe, ta harare ni don kada in faɗa wa kowa.

A ƙololuwa iska ce kawai da gajimare a ƙasanmu. Mutane suka yi ta tafa mata, ni kuwa kaina ya kumbura, duk wanda ya kalle mu sai in ce masa kakata ce. Mun daɗe a zaune kafin Baba ya ɓullo, takalman Kaka rataye a wuyansa, ya dogara da sandunanta, yana haki kamar wanda kare ya koro.

"Takwara, kai wa mutumin nan ruwa," in ji ta. "Ki tambaye shi, keken nan da ya ce, ko a ajiye masa?"

Baba ya yi dariya har da hawaye, ya durƙusa ya ce, "Inna, na tuba." A waccan shekarar da ƙafarta ta yi ɗawafi, ta yi Safa da Marwa, ta dawo gida Hajiya.

Allah Ya ji ƙanta, ta daɗe da rasuwa. Yanzu an shimfiɗa katako a hanyar dutsen, 'ya'yana kuma da takalma masu tsada suke hawa, su yi ta kukan gajiya tun daga gindi. Baba, mutumin da ko kwalin banza sai ya samo masa mai saye, ya hana a taɓa takalman nan. Shi ma gwiwa ta fara yi masa gardama, ga shi bana zai je Umra. Jiya na kai masa kwalin, na lallaɓa na ce ko in yi masa tanadin keke a can. Ya daɗe yana shafa takalman, sannan ya ɗago ya kalle ni.

"Kin manta wadda ta haife ni?"