Taraktar da Kawu Ya Yi Kiwo

Da ruwan shuka ya sauka a Sule Tankarkar bana, na murɗa makullin ƙaramar taraktarmu, bugu ɗaya ta tashi. Warin gas ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai.

Makiyayi ne kafin ya koma noma, kuma taraktar nan kiwonta ya yi, ba tuƙi ba. Da sassafe zai duba ruwanta da baƙin mai, ya kakkaɓe yashin da ke cikin matatar iska. Rana na take tsaka zai kai ta gindin tsamiya, ya dafa murfin injin kamar mai dafa tozon sa.

Wata rana hadari ya haɗo, saura kaɗan mu gama huɗa, sai Kawu ya kai ta gindin tsamiya, na ce, "Kawu, mu ƙarasa mana. Ƙarfe ne fa, ba ya gajiya."

Ya zare makullin ya jefa aljihu. Ya ce, "Ɗana, sa in ya gaji sai ya kwanta ka gani. Ita wannan ba ta da bakin faɗa, sai dai ta mace maka tsakiyar damina."

Ranar, don haushi, ko abinci ban ci ba.

Ga shi bana tsohuwar ta huɗe gonarmu kaf, ta tsallaka ta huɗe ta maƙwabcinmu, wanda tasa sabuwa ke kwance wajen bakanike a Gumel. Da azahar ni ma na kai ta gindin tsamiyar, na zare makulli.

Allah Ya ba Kawu inuwar da ta fi wadda ya ba ta.