Jar Saniyar Baffa Jauro

Akwai wata Alhamis a karar Maigatari, kasuwar shanu, da har gobe ban manta da ita ba. Ku matasan dillalai, ku ajiye waya ku saurara, don wayar ce ta ja mini.

Dillancin shanu na gada a wurin mahaifina, Malam Isa. A tsarinsa, makiyayi ba ya isowa a hau ciniki. Sai an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa, an gaisa har a gaida kajin rugarsu. Sannan a bi shanun ɗaya bayan ɗaya, yana faɗin wacce zai sayar da dalilinsa. Daga nan dillali ya nemo mai saye, a daidaita, ya karɓi la'adarsa. Mutum ɗaya kan cinye maka rabin yini. Nakan ce da Baba, kafin ya gama gaisuwa ɗan maraƙi ya isa yanka.

Bayan rasuwarsa na samu babbar waya, na ƙirƙiro abin da na kira sabon tsari. Shanu na isowa in ɗauki hotonsu, in tura wa fataken Ikko, a gama ciniki kafin makiyayi ya cire malafarsa. Gaisuwa na rage mata tsawo, tabarma na naɗe. Aikin da ke kai Baba magariba, ni azahar ta yi ina gida a Gumel ina minshari. La'ada ta ninka, tumbi ya fito, har mai ɗakina ta ce in bar mata hanya in zan shiga zaure.

Baffa Jauro dattijon Bafulatani ne daga wajen Sule Tankarkar, tun ina rarrafe yake sauka wurin Baba. Ran nan ya iso da hantsi da shanu biyar, ɗaya ja ce mai farin goshi.

“Ɗanlami ɗan Malam Isa, mun same ku lafiya? Ya iyali, ya...”

“Duk lafiya, Baffa, har da waɗanda ba ka tambaya ba,” na ce, ina ɗaukar hoto.

“To, ka ga jar nan...”

“Na gan ta, Baffa. Ai ko makaho ya gan ta sai ya taya.”

Waya ta yi ƙara, wani Alhaji ne daga Ikko. Na ɗaga wa dattijo hannu. Da ya ga ban da niyyar sauke wayar, ya ce zai shiga cikin gari sayen magani ya dawo. Kafin ya dawo na sayar da biyar ɗin duka a farashi mai kyau. Tirela ta cika, ta tashi.

Bayan azahar ya dawo, na tare shi ina washe baki. Ya dubi turke, ya dube ni.

“Ina jar?”

“Tana hanyar Ikko, Baffa, a kujerar gaba.”

Bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya dafa sandarsa, ya gaya mini abin da na hana shi faɗa da safe. Jar ba tasa ba ce. Shekarar da ciwo ya share masa garke, amininsa na Gagarawa ya ba shi aronta. A al'adarsu, za ta haifa masa sau uku, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar da hannunsa, a yi godiya a gaban jama'a. Ta yi haihuwa ta uku. Gobe Juma'a ake jiransa da ita. Hanya ce kawai ta biyo da ita kasuwa.

Na hau mashin na bi tirela har na wuce Gumel, ban ga ko hayaƙinta ba. Direba bai ɗauki waya ba. Alhaji ya ce shi ma ya sayar da kayan a waya, ga wani mahauci da bai taɓa gani ba.

Na dawo na ce zan saya masa wadda ta fi ta, har biyu.

“Ɗanlami, me zan ce masa? Ga wata ja? Ya san uwarta, ya san kakarta.” Ya miƙe ya kakkaɓe riga. “Da Malam Isa ne, da ya tambaye ni.”

Na ji daga baya cewa ya je Gagarawa da saniyar da ya fi so a garkensa, ya ba da haƙuri. Aminin ya karɓa, amma a ɗaki, ba a gaban jama'a ba.

Alhamis ta gaba na fito da tabarmar Baba na shimfiɗa tun da sassafe. Baffa Jauro ya iso, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, sannan ya kora shanunsa turken maƙwabcina. 'Yan rugarsu suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Ban ce ku yar da waya ba, ni ma tana aljihuna. Amma zaman nan da na ɗauka ɓata lokaci ne, a cikinsa makiyayi ke gaya maka abin da hoto ba ya ɗauka. Na nemi in riƙa tashi da wuri, ga shi na samu. Yanzu wata Alhamis ɗin tun hantsi nake gamawa, in zauna a tabarmar ina gaida masu wucewa.