Sunan da Na Hana Shi Zuwa

Lokacin da na haihu a Mararaba, maigidana ya gama karatunsa a ƙasar waje, yana jiran takardar izinin aiki. Kullum sai na yi masa kuka a waya, lallai ya zo suna. Maƙwabciyata, wadda ɗanta ma ke ƙasar da yake, ita ta zaunar da ni. Ta ce, "Haba maijego, in ya bar ƙasar kafin takardar ta fito, ai neman ya tashi a banza." Ashe ni nake shirin ɓata masa wahalarsa. Na kira shi na ce ya zauna, wansa zai tsaya a raɗin suna. Yarinyar da na haifa tana koyon zama takardar ta fito, har ya fara maganar yi mana fasfo.