Zafin da Abokina Ya Ƙara wa Na'ura

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu a kan cututtukan shuka, kawuna ya kira ni daga Kadawa. Irin tumatirinsa ya isa dashe, an kusa sako ruwan kanal, amma ga wasu ganyaye a bedin da yake renon irin sun fara nannaɗewa. In cuta ce, gara ya tuge irin ya nemi wani tun da wuri. In ba ita ba ce, ya dasa abinsa. Nomansa na rani gaba ɗaya a kan wannan yake.

Ni kuma lokacin kaina ya kumbura, an fara ce mini Likita a gida. Na ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, na'ura ba ta ƙarya." Na je na tsinko ganye na yi Kano.

Ga yadda gwajin yake. DNA igiya biyu ce da aka tufka, haruffanta huɗu. G da C ɗauri uku ne tsakaninsu, A da T kuwa biyu. Saboda haka igiyar da G da C suka yi wa yawa tana jure zafi kafin ta warware, mai yawan A da T kuwa da wuri take saki. Muna tura wani ɗan guntun zare ne ya nemo DNA ɗin cutar ya manne mata. Nawa zaren A da T ne suka cika shi, in zafi ya wuce ƙima ba zai manne ba, sai sakamako ya fito fes ko da cuta ta yi katutu.

A ɗakin gwajinmu, in an tayar da janareta kowa rige-rige yake, kamar manoma ranar da aka buɗe ruwan kanal. Na saita na'ura, na zuba kayana, na bar wa wani abokina da muke karatu tare amana don zan shiga aji. Da yamma ya bugo ya ce, "Mutumina, ganyen kawunka lafiya lau." Na kira Kawu har da murya irin ta manya. Ya dasa.

Kafin tumatir ya yi fure, gonar ta ƙudundune daga wannan kunya zuwa waccan.

Da na koma na duba bayanan gwajin ranar a na'urar, sai na tarar ba saitina ba ne. Ashe da na fita, abokin nawa ya cusa nasa kayan cikin nawa, kuma da yake nasa zaren mai G da C ne, ya ƙara zafi don ya dace da shi. Ya san abin nan sarai, tare aka koya mana!

Na tare shi a bakin ƙofa. Wai sai ya ce, "Haba, ɗan zafin da na ƙara? Ai wuta ce za ta tafi. Sai ka sake gwajin kawai."

Na ce, "In sake? Gonar ma sake ta za a yi?"

Da ba a riƙe ni ba ranar, da an ji mu a ofishin shugaban sashe. Ba kuskuren ne ya fi ƙona mini rai ba, shirun da ya yi ne. Kalma ɗaya da ya faɗa, da na hana Kawu dashe.

Mun shirya daga baya, muna gaisawa a wajen biki. Sai dai har gobe ba na barin na'ura a hannun kowa, kuma in na tuna raina yakan ɓaci kamar jiya aka yi. Kawu bai taɓa ɗora mini laifi ba, cewa ya yi haka Allah ya ƙaddara.

Bara na je gaishe shi, na same shi a bakin bedi yana jujjuya wani ganye a hannu. Yana hango ni sai ya yi murmushi, ya ce, "Likita, sannu da hanya." Ya tura ganyen cikin aljihu.