Yadda Attahiru Maƙeri Ya Rage wa Babur Nauyi

Attahiru maƙeri maƙwabcina ne a Illela. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma gajeruwa, in na yi ɗage ina ganin abin da ke cikin akushinsa. Kakata ta wajen uwa Buzuwa ce, saboda haka tsokanar maƙeri a wurina gado ce. Ni ina sayar da gishiri, shi yana ƙera kwashen noma da lauje da linzami. In na ce masa bawan wuta, ya ce mini Buzu ɓarawon raƙumi, to mun gaisa ke nan.

Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, hannunsa kuwa Allah ya yi masa baiwa. Abin da ya ɓata shi, bakinsa ya fi maƙerarsa zafi. Da an ɗan yi musu sai rantsuwa, rantsuwar kuma ba ta tsayawa sai ta taɓa aure. Haka ya tsinke igiya biyu tsakaninsa da matarsa Hindatu, ɗaya a kan ko tafkin Kalmalo zai ƙafe wata shekara, ɗaya a kan wani rago da ya ce ba zai kai Sallah ba. Duk biyun ya je biko yana sharar hawaye da gefen rawani. Ba shi da wata mata sai ita, bai kuma taɓa kallon wata ba. Igiya ɗaya ta rage masa, duk unguwa an sani.

Zamanin nan Nasara ba su daɗe da zama ba. Akwai wani Bature mai rangadi da muke kira Jan Wuya, shi ya fara shigo da babur garinmu. A kan fako abin yana gudu kamar an koro shi, amma tsakaninmu da Kwanni akwai wani rairayi mai zurfi, in ya kai nan sai ya nutse. Jan Wuya ba ya sauka, mutane ake kamowa su tura shi yana zaune. Ranar da ya tashi zuwa ganin Baturen Faransa a Kwanni, dogarai suka kamo wani mutumin ƙauyen Araba, Yari, wanda gero kawai ya kawo kasuwa. Yari ya tura har tsakiyar rairayin da rana tsaka, ya faɗi, jini ya zo masa ta baki, nan ya cika. Jan Wuya ya fasa tafiyar. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama shi, aka ɗauke shi zuwa Sakkwato, bai sake dawowa ba. Babur ya zauna bayan bariki kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa, har wata rana aka ce wa Attahiru ya ɗauka ya yi kwashe da shi.

Bai yi kwashen ba. Ya kwance shi, ya wanke, ya mayar. Ya gyara wa wani direban babbar mota ƙarfen da ya karye, direban ya ba shi garwar fetur, ya nuna masa abin da ake takawa. Ranar da abin ya yi tari ya tashi, akuyata ta tsinke igiya, sai a Darna aka gan ta.

Da la'asar muna zaune a gindin durumi, Abu mai jakai ya ce, "Ƙarhen banza. Jakina na kai ni Kwanni ban sauka ba. Wanga abu naka kuwa sai an goya shi awa jinjiri."

Na ga jijiyar wuyan Attahiru ta tashi. Ya ce, "In ban hau shi daga ƙohwar gidana har kasuwar Kwanni ba, ƙahwata ba ta taɓa ƙasa ba, kahin ruwan shuka shi sauka, Hindatu ta saku."

Na yi dariya, na duba, ba wanda ya taya ni. Da aka kai wa liman maganar, ya ce rantsuwa ta hau, sai dai a cika ta, kuma da shaidu biyu.

Attahiru ya ce abin ba wuya, nauyi ne ya yi wa babur yawa, shi kuwa ya san inda nauyi yake. Ya rataya gungume a reshen gawon bayan gidansa kamar ma'auni, ya ɗaure babur a gefe ɗaya, ya ari kantun gishirina ya jera a ɗaya gefen. Duk abin da ya cire, sai mu sauke gishiri daidai da shi. Ya cire fitila, ya ce ba da duhu zai tafi ba. Ya cire ƙarafan da ke rufe tayoyi, da akwatin kayan gyara, da abin ɗora kaya na baya, da ƙafar da babur ke tsayawa a kanta. Sirdin Bature mai kauri ya jefar, ya ɗaura buzun akuya. Inda ƙarfe ya yi faɗi ya huda shi, inda ya yi kauri ya goge shi da magagari. Har bututun hayaƙin ya datse, ƙararsa ta koma ta hana mai jego barci a Kalmalo.

Na ce, "Bawan wuta, ka bar mishi ko wando mana. Tsirara za ka kai shi ƙasar Faransa?"

Ya ce, "Sauke gishiri, Hamidu, ka rage surutu."

Gishiri ya yi ta sauka. Abin da ƙarti huɗu suke ɗagawa da nishi, ya zama ni da shi muna ɗaga shi. Amma duk ranar da ya je gwaji, yana kai tsakiyar rairayin sai tayar baya ta nutse har gindi, ko yaushe a wuri ɗaya, daidai inda Yari ya faɗi. Ba ya bari a ce gwajin tafiyar rantsuwa ce, daga bayan gari yake hawa, ba daga ƙofar gida ba.

Wata rana da azahar muna gindin gawon, babur yana rataye, ya yi daidai da gishiri, ko motsi babu. Ba iska, ganye ɗaya ba ya kaɗawa. Sai na ji igiya ta yi ƙara. Bayan babur ɗin ya soma yin ƙasa a hankali, gishiri yana yin sama, kamar yadda abu yake yi in mutum ya dafa shi da hannu biyu ya jingina. Ya sauka har taya ta taɓa ƙasa, ya tsaya a nan. Kajin Hindatu da ke tono kusa suka watse.

Daga baya na ce, "Ka gani?"

Ya ce, "Igiya ta, ta saki."

"Igiya in ta saki, gishiri ka hawa sama?"

Ya ɗauki magagari ya koma kan ƙarfen da babu sauran abin ci a jikinsa. Tun daga ranar na daina tsayawa a bayan babur ɗin, gaba nake bi.

Da abin cirewa ya ƙare, Attahiru ya juyo kan kansa. Ya ce babur da mahayi kaya ɗaya ne. Ya bar tuwo ya koma fura, ya bar fura ya koma farau-farau. Ina leƙa katanga in ga akushi yadda aka kawo shi haka ake mayar da shi. Wuyan nan kamar turmi ya koma kamar taɓarya, riga ta riƙa yawo a jikinsa.

Na ji Hindatu tana ce masa, "Maigida, ka ci ko loma guda. In aure ya mutu, kai dai kana nan, ina ganinka ta katangar Hamidu."

Ya ce, "Ba ni son ki gan ni ta katanga."

Na leƙo na ce ai katangata ba ta haya ba ce, ba wanda ya kula ni.

Hindatu ta toya waina, ta roƙe ni in raka ta Araba wurin tsohuwar Yari, a yi sadaka ko a sami sauƙi. Muka iske tsohuwar tana kaɗi a bakin ɗaki, idonta ya soma rufewa. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta karɓi wainar ta yi addu'a.

Hindatu ta ce, "Inna, ki roƙa muna Yari, shi sauka."

Tsohuwar ta ce, "Shi sauka daga mi? Yari bai taɓa hawan kayan mutane ba. Ce mishi anka yi shi kai babur Kwanni, kuma tun yana ƙarami bai san aje kaya tsakiyar hanya ba. Ku ce ma maƙerin shi bar ja da shi."

Muka kamo hanyar gida. Gabas ta riga ta soma baƙi da yamma, manoma sun gama sharar gona.

Da muka gaya wa Attahiru, ya ce shi kullum in ya kai wurin sai ya murɗa wuta da ƙarfi don ya tsere. Washegari da hantsi hadari ya haɗo. Ya sa aka riƙe masa babur a ƙofar gida, ya hau, ya miƙa wa Hindatu igiya ya ce ta ɗaure masa ƙafafu a jikin matakan babur, kada jiri ya sa ya dafa ƙasa bai sani ba. Ta durƙusa ta ɗaure, ta daɗe a durƙushe. Ni da Abu liman ya sa shaida, muka bi bayansa a kan jakai.

Muna jin rugugin abin yana nisa, sai daidai rairayin muka ji ya lafa. Ya rage wutar da kansa. Abu ya ce ya nutse. Amma ƙarar ba ta mutu ba, ta ci gaba a hankali, tafiyar mai kaya.

Da muka isa, ga sawun taya a miƙe. Daga tsakiyar rairayin, inda yake nutsewa, wani sawu ya hau kansa. Ƙafar mutum ce ba takalmi, yatsu sun nutse, diddige bai taɓa ƙasa ba, irin takun wanda ya sunkuya yana turi. Ba inda sawun ya fito daga gefe, nan kawai ya soma. Jakin Abu ya ƙi taka shi, sai muka bi ta gefe. Abu yana ta salati ƙasa-ƙasa. Sawun bai tsaya inda rairayin ya ƙare ba, ya bi taya har bakin kasuwar Kwanni, a nan ya ɓace.

Muka iske babur jingine da wata bishiya, injin ya mutu, mutane sun yi da'ira nesa da shi. Attahiru na kan babur ɗin, kansa a kife, ƙafafunsa a ɗaure yadda Hindatu ta ɗaure. Na taɓa kafaɗarsa, ya buɗe ido da ƙyar.

"Buzu, an yi ruwa?"

Na ce, "Ko ɗigo. Ka riga shi, bawan wuta."

Ya ce in kwance shi. Ina cikin kwance ƙullin ɗigon farko ya faɗo mini a wuya. Da na sauko da shi ni kaɗai na ɗauke shi, bai fi buhun ƙaiƙayi nauyi ba. A rumfar wani mai goro ya cika, ruwa na zuba.

Bayan an rufe shi, liman ya kira mu zaure, Hindatu tana bayan asabari tana ji. Abin da za a yanke shi ne, sakakkiya ce ko matar mamaci. Ya tambayi Abu ko ƙafar Attahiru ta taɓa ƙasa, Abu ya ce ba ta taɓa ba. Ya tambaye ni, na ce da hannuna na kwance ta a Kwanni, ƙasa a bushe.

Ya ce, "An ce kun ga wani sawu. Na wa?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a kan ƙahwarshi ya rantse. Ta wani ba ta cikin magana."

Liman ya dube ni, ya dubi Abu, ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya juya wajen asabarin ya ce, "Hindatu, ki shiga takaba."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Muka ji ta tashi ta shiga ɗaki.